Yadda Ake Tsara Hasken Gida a Accra, Daga Awon Ɗaki Zuwa Ɗaura Ƙwai

Yawancin ɗakuna a Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina iri ɗaya ake yi musu wuta: mariƙi ɗaya a tsakiyar silin, farin ƙwai ɗaya, makunni ɗaya a bakin ƙofa. In ɗakin ya yi duhu sai a sayo ƙwan da ya fi wancan ƙarfi. Ɗakin ya ƙara haske kuwa, amma matsalar tana nan. Mai yanka albasa tana aiki a cikin inuwar kanta, yaro mai karatu yana duƙawa kan littafi, kujerun da aka kashe wa kuɗi sun koɗe a ido, wanda ya kwanta kuma ƙwan na dukan idonsa kai tsaye. Ƙarfin ƙwan ba shi ne ya gaza ba. Hasken ne duk ya taru wuri ɗaya, alhali ayyukan gidan a warwatse suke. Gyaran shi ne a rarraba hasken, a kai shi inda ake aiki, kowane rukuni da makunninsa. Ga yadda ake bi.

Da farko, dubi hasken rana

A Accra rana na fitowa wajen ƙarfe shida na safe, ta faɗi wajen shida na yamma, kusan duk shekara. Awa goma sha biyu ke nan na haske kyauta. Kafin ka sayi komai, shiga ɗakin da hantsi, da azahar, da bayan la'asar, ka lura inda haske ke kaiwa da inda ba ya kaiwa. Tagar da ke kallon yamma tana kawo zafi da ƙyalli da la'asar, don haka tana son labule biyu: shara-shara na rana, mai kauri na dare. Ta arewa ko ta kudu haskenta ya fi taushi. In kana gini ne, faɗin tagogin ɗaki kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasan ɗakin, in ya kai ɗaya cikin shida ya fi.

A gidajen haya masu tsakar gida, inda bangon maƙwabci ya toshe taga, fenti ne ke ceto. Farin fenti na mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, ruwan ƙasa mai duhu ko shuɗi mai duhu kuwa ba ya mayar da fiye da kashi 10 zuwa 20. Silin dai a bar shi fari, ko wane launi aka zaɓa wa bango. Sandar labule ta zarce taga da santimita 20 zuwa 25 kowane gefe, yadda in an yaye labulen zai tattaru kan bango, gilashin ya buɗe gaba ɗaya. Kwaba ko sif da aka jingina a jikin taga a matsar da shi. Gilasan luba da ragar sauro kuma a wanke su, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da ƙurar hunturu ke lulluɓe su.

Zana ɗakin, ka sa alamar aiki

Ɗauki takarda ka zana ɗakin: ƙofa da ɓangaren da take buɗewa, taga, gado, kujeru, talabijin, madubi, fanka. Sannan ka sa alama a duk inda ido ke aiki: inda ake karatun Alƙur'ani, inda yara ke aikin makaranta, inda keken ɗinki yake, inda ake yanka da wanke-wanke, inda uwargida ke kwalliya da ɗaurin ɗankwali, matakala, bakin ƙofa inda ake neman ramin makulli.

Daga wannan zanen haske iri uku zai fito. Akwai na gama-gari, wanda ke cika ɗaki a ga hanya a ga juna. Akwai na aiki, wanda ke sauka kan littafi, tukunya ko fuska. Akwai na ado, wanda ke fito da hoto, rubutun aya a bango, labule ko shuka. Gida zai zauna lafiya ba tare da na ado ba. Na aiki shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne rashinsa ke sa ciwon kai da gajiyar ido. In kuɗi bai kai ba, a fara da na farko da na biyu.

Lissafin yawan haske

Wat ba awon haske ba ne, awon wutar da ƙwai ke ci ne. Awon haske shi ne lumen, ana rubuta shi lm a jikin kwali. Ƙwan LED mai kyau na wat 9 yana ba da lumen 800 ko kusa da haka, daidai da tsohon ƙwan zare na wat 60. Na wat 5 yana ba da wajen 450, na wat 12 wajen 1,100. Doguwar fitilar LED ta ƙafa huɗu, mai wat 18, tana ba da 1,600 zuwa 1,800.

Hasken da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya kuma luks ake kiransa. Falo na son luks 150, ɗakin kwana 100, banɗaki 150 zuwa 200, lungu da baranda 100, kicin gaba ɗaya 200, amma kan teburin yanka da teburin karatu 300 zuwa 500. Ɗinki, musamman na baƙin yadi ko aikin surfani, yana son 500 zuwa sama.

Ɗauki ciki da falo irin wanda aka saba. Falo ƙafa 12 sau 12, wato murabba'in mita 13. A ninka 13 da 150, an sami 1,950. Ba duk hasken da ya fita daga ƙwai ke isa ƙasa ba, bango da labule da murfin fitila suna shanye wani. Don haka in bangon mai haske ne a ninka da ɗaya da rabi, in mai duhu ne a ninka da biyu. A farin ɗaki lissafin ya tashi wajen lumen 3,000, wato ƙwai huɗu na wat 9. Cikin kuma, ƙafa 12 sau 10, murabba'in mita 11 ne, sau 100, sau ɗaya da rabi, lumen 1,650: ƙwai biyu.

Abin lura shi ne lumen 3,000 daga ƙwai ɗaya da lumen 3,000 daga ƙwai huɗu ba ɗaya ba ne. Ƙwai ɗaya mai wannan ƙarfi yana kashe ido, yana jefa inuwa mai kauri, kusurwoyi kuma suna nan da duhunsu, domin in nisa ya ninka biyu hasken da ke isowa yana komawa kwata. Huɗu a wurare huɗu suna cike wa juna inuwa.

Masu tsoron mita su kwantar da hankali. Ƙwai huɗu na wat 9 wat 36 ne. Awa shida kullum, kwana 30, yunit shida da rabi ke nan a wata. Tsohon ƙwai ɗaya tal na wat 60 yana cin kusan yunit 11 a wannan lokacin. Wannan bambancin ne ya sa a 2007 gwamnatin Ghana ta raba ƙwai masu tsimin wuta miliyan shida a madadin na zare, daga baya aka hana shigo da na zaren.

In akwai tsoho ko tsohuwa a gidan, a ƙara. Idon ɗan shekara 60 na buƙatar ninki biyu ko fiye na hasken da ya ishi ɗan shekara 20. Ƙarin ya tafi wurin karatunsu, hanyar banɗaki da matakala.

Launin haske

A jikin kwali za ka ga lamba da harafin K. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan rawaya, mai taushi. 4000K fari ne tsaka-tsaki. 6500K fari ne mai sirkin shuɗi, shi ne ya cika kasuwa, kuma shi mai shago zai miƙo maka in ba ka faɗi abin da kake so ba.

Mutane da yawa a nan na ƙin mai rawaya, suna cewa yana sa zafi ko yana kama da fitilar ƙwai ta kananzir. Zafin a ido ne kawai, domin LED na wat 9 zafinsa ɗaya ne ko wane launi yake. Ra'ayinmu shi ne ɗakin kwana 3000K, falo 3000K ko 4000K, kicin da banɗaki da wurin karatu 4000K. A bar 6500K ga shago, gareji da sito. Farin haske mai shuɗi da daddare yana jinkirta barci, yana sa fata ta yi toka-toka, katako da labule mai ruwan zuma ko ja kuma su mutu. Wanda bai saba da rawaya ba ya fara da 4000K, ba zai ji ɗakin ya yi duhu ba.

Kada a gauraya launi biyu a rukuni ɗaya. Silin mai fitilu shida, huɗu fari biyu rawaya, yana bayyana nan take. Sayi na ɗaki ɗaya lokaci ɗaya daga kamfani ɗaya, ka ƙara biyu na ajiya.

Akwai lamba ta biyu, CRI ko Ra, wadda ke nuna yadda haske ke fito da launin abu na gaskiya. Kada ta gaza 80. Wurin madubi, kicin da wurin tela a nemi 90. Ƙarancinta ne ke sa a haɗa mayafi da atamfa a ɗaki suna dacewa, a fito rana a ga sun saɓa.

Inda ake sa kowace fitila

Falo shi ya fi rikici saboda fanka. Tsakiyar silin nata ne, kuma duk fitilar da ke sama da fukafukanta za ta riƙa ƙiftawa in tana juyawa, abin da ke sa jiri da ciwon kai. Fanka mai inci 56 tana cin da'irar mita 1.4. Fitilun cikin silin su nisanci bakin fiffike da santimita 60 aƙalla. A falon ƙafa 12 sau 12 wannan na nufin huɗu, ɗaya wajen kowace kusurwa, santimita 60 zuwa 80 daga bango. A falo mafi girma, tazara tsakanin fitila da fitila ta zama mita 1.2 zuwa 1.5 in tsayin silin mita 2.7 zuwa 3 ne. Kada a sa ɗaya daidai saman kan mai zama a kujera, tana zurma ido da inuwa. Inda babu silin POP, fitilun bango biyu ko uku a tsayin mita 1.8 zuwa 2, masu jefa haske sama, suna yin aikin da kyau, domin farin silin ne zai maido da hasken a tausashe.

Talabijin kada ta fuskanci fitila ko taga. Zauna a kujera da talabijin a kashe, duk ƙwan da ka hango a cikin gilashin zai dame ka. Ɗan zirin LED a bayanta, mita ɗaya ko biyu, yana rage gajiyar ido in an kashe sauran fitilu. Tayil mai sheƙi shi ma madubi ne, don haka a ɗaki mai irinsa a zaɓi fitilu masu murfi mai hazo.

Fitilar ado mai rassa tana da ƙa'idarta. Haɗa tsawo da faɗin ɗaki da ƙafa, abin da ya fito shi ne faɗinta da inci: 12 da 12, inci 24, wato santimita 60. Ƙasanta kada ya sauko ƙasa da mita 2.1 inda ake wucewa. A rataye ta a ƙugiyar da ta shiga kankare ko katakon rufi, domin POP ba ya ɗaukar nauyi. Ita da fanka kuma ba sa zama kusa, a zaɓi ɗaya a tsakiya. A kan teburin cin abinci, fitilar rataye ta tsaya santimita 75 zuwa 90 sama da teburin.

Zirin LED da ake ɓoyewa a lungun POP na da kyau in an yi shi daidai. A bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakanin zirin da silin na sama, leɓen da ke ɓoye shi ya kai santimita 5 zuwa 8. In tazarar ta yi kaɗan za a ga layi mai ƙyalli kawai, hasken ba zai bazu ba. Lissafin direbansa, wato ɗan akwatin da ke sauke wuta zuwa bolt 12 ko 24, haka yake: ziri mai wat 9.6 kowace mita, mita 10, wat 96, a ƙara kashi 20 cikin ɗari, a sayi direba mai wat 120. Ziri mai bolt 12 kada ya wuce mita 5 daga inda aka ba shi wuta, in ya wuce ƙarshensa zai dushe. A ba shi wuta daga wurare biyu ko a sayi mai bolt 24. A manna shi a kan maƙalin alminiyom, domin gam ɗin bayansa yana saki da zafi. Direban kuma a ajiye shi inda hannu zai kai. Shi ke fara mutuwa, kuma an sha fasa silin sabo don a ciro shi. Shuɗi da ja da kore masu canjawa na gidan biki ne, a falo ido na gajiya da su cikin mako.

A ɗakin kwana, ƙwan sama kada ya tsaya daidai saman matashi. A matsar da shi wajen ƙafar gado ko gaban sif, inda ake neman kaya. Gefen gado a sa ƙaramar fitila ta lumen 300 zuwa 450, a tsayin mita 1.1 zuwa 1.3 daga ƙasa, don mai karatu ko mai shayarwa kada ya tashi kowa. Ga mai tashi sallar dare ko asuba, ɗan ƙwai na wat ɗaya a soket na ƙasa ya isa nuna hanya.

Madubi daga gefe ake haska shi, dama da hagu, a tsayin fuska, wajen mita 1.6. In ɗaya ce kawai, a sa ta saman madubin, doguwa, mai murfi. Ƙwan da ke bayan mai kallo fuska yake duhuntawa.

Kicin na son doguwar fitila a sama, da wata a kan wurin yanka da murhu, a gaban mai aiki. In akwai kabad na sama, a sa ziri a ƙarƙashinsa ta bakin gaba. Inda ake girki a baranda ko tsakar gida, kamar yadda yake a gidajen haya da yawa, fitilar ta kasance a bangon da mai girki ke fuskanta, mai murfi, domin hayaƙi da maiƙo na rufe ƙwai tsirara cikin 'yan makonni.

Teburin karatu: fitilar tebur ta lumen 450, daga hagu ga mai rubutu da dama, daga dama ga bahago, ƙwan a ɓoye ƙasa da layin ido. Kada a kashe na sama a bar ta ita kaɗai.

Banɗaki a nemi fitila mai alamar jure ruwa ta IP44, saman shawa da waje inda ruwan sama ke duka IP65. Makunnin banɗaki a waje. Fitilar ƙofar gida ta zama 3000K, domin ƙwari sun fi bin fari mai shuɗi, kuma a sa ta gefe, nesa kaɗan da ƙofa da taga. Unguwannin da ke kusa da teku, gishirin iska na cin ƙarfe, don haka roba ko alminiyom ya fi.

Makunni da waya

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wannan tsarin a gama shi kafin filasta da POP, domin bututun waya da bai taka kara ya karya ba yau, gobe sai an fasa bango.

Falo ya sami makunni uku aƙalla: na gama-gari, na ado, na fanka. In fitilun silin sun kai shida a raba su gida biyu. Tsayin makunni mita 1.2 zuwa 1.3, a ɓangaren hannun ƙofa, kada ƙofa ta rufe shi in an buɗe. Ɗakin kwana, dogon lungu da matakala a sa makunni mai hanya biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Na'urar rage haske sai da ƙwan da aka rubuta a kwalinsa cewa yana karɓarta, kuma ragulatan fanka ba ya maye gurbinta.

Wutar gida a Ghana bolt 230 ce. Layin fitilu waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ake ja masa, da bireka mai amfiya 6, na soket kuma 2.5. Gida ya sami layin fitilu biyu aƙalla, don in ɗaya ya faɗi kada ko'ina ya yi duhu. Waya mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa, kore da rawaya ta ƙasa. A tsofaffin gidaje ja ce mai wuta, baƙa ta dawowa. Makunni kan mai wuta yake zama, kuma duk fitila mai jikin ƙarfe sai an haɗa mata wayar ƙasa. A allon rarraba wuta a sa na'urar yanke wuta in ta zuba, mai miliamfiya 30.

Wannan ɓangaren ba na gwaji ba ne. Dokar wayarin ta 2011, L.I. 2008, ta tanadi cewa mai lasisin Hukumar Makamashi ta Ghana ne zai ja wayar gida. Nemi ya nuna katinsa. Kafin masu POP su rufe, a kunna komai da daddare, a zauna a kujera, a kwanta a inda gado zai kasance, a kunna fanka. Fitilun cikin silin kuma a sayo su kafin a huda, domin faɗin raminsu ya bambanta.

Ɗan haya

Wanda ba shi da ikon fasa bango yana da hanya. Fitilar tsaye ɗaya a kusurwar falo mai jefa haske sama, fitilar tebur ɗaya, ziri mai fulogi a kicin, da murfi a kan ƙwan tsakiya bayan an rage ƙarfinsa, sun isa su canja ɗaki, kuma duk za ka tafi da su ranar tashi. In za a ƙara mariƙi a bango, a nemi izinin mai gida, a bi da wayar cikin farar robar rufe waya. Kada waya ta bi ƙarƙashin kafet ko leda, kada kuma a jona ta da salatif a bayan labule.

A kasuwa

Opera Square da Zongo Lane su ne wuraren da aka fi samun kayan wuta a Accra. Tafi da takardar lissafinka. Duba bakin mariƙin gidanka tukuna: akwai mai fil biyu, B22, akwai mai murɗawa, E27. Kwalin da bai nuna lumen da K ba a ajiye shi. Raba lumen da wat, in ya gaza 80 ƙwan mai cin wuta ne, in an rubuta abin da ya wuce hankali, kamar 200 a ƙwai mai arha, ƙarya ce. Nemi wanda ke aiki a faffaɗan zangon bolt, misali 170 zuwa 265, domin a unguwanni masu cunkoso wuta na raguwa da magariba. A sa mai shago ya kunna, ka ɗora kyamarar waya a kai: in layuka na gudu a allon, ƙwan na ƙiftawa ko da ido bai gani ba. Fitilar silin da ƙwanta ba ya cirewa, in ta mutu gaba ɗaya ake sauyawa, don haka a sayi ta ajiya. Waya kuma a kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe.

In an ɗauke wuta

Wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wutar da aka yi a 2014 da 2015, ba ya tsara gida ba tare da wannan ba. Ƙwai mai batir a ciki yana ba da awa biyu zuwa huɗu. A sa ɗaya a falo, ɗaya a lungu ko banɗaki, ɗaya a kicin. Sai makunninsa na kunne yake caji, don haka wurin da ake kunnawa kullum ya dace da shi. Mai inbata ya ware layin fitilu na musamman. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, in irin na dalma ne, rabinsa ake amfani da shi, wajen wat-awa 600, wanda, in an cire abin da inbatar ke ci, zai riƙe ƙwai shida na wat 9 kusan awa tara. Kyandir a ɗaki mai labule da katifa da gidan sauro a yi nesa da shi.

In abu ya lalace

Ƙwan da ke ɗan haske bayan an kashe shi: galibi makunni an ɗora shi kan wayar dawowa, ko makunnin mai ɗan haske ne a jikinsa. Na farkon hatsari ne, domin mariƙin na ɗauke da wuta ko an kashe. A kira mai aikin wuta.

Ƙiftawa a ƙwai ɗaya: ƙwan ne ko mariƙi ya saki. A ɗaki gaba ɗaya: haɗin waya ya saki a makunni ko akwatin haɗi. A gida gaba ɗaya, musamman in wasu fitilu na ƙara haske wasu na dushewa: wayar dawowa ta babban layi ce ake zargi. A kashe babban makunni, a sanar da kamfanin wutar lantarki, ECG, domin wannan na ƙona firiji da talabijin.

Ƙwai na mutuwa kowane wata biyu a wuri ɗaya: zafi ne. LED a cikin rufaffen gilashi, ko a silin da ke ƙarƙashin rufin kwano, yana dahuwa. A rage wat, ko a sauya fitila mai iska. In da dawowar wuta suke mutuwa, a sa na'urar kare hauhawar wuta a allon rarrabawa, a kuma saba kashe makunnai in an ɗauke. Mariƙin da ya yi baƙi ko yake warin roba a sauya shi a ranar.

Ɗakin da ya dushe a hankali kuwa sau da yawa ƙura ce da matattun ƙwari a cikin murfi. A kashe makunni, a bar ƙwan ya huce, a goge shi da busasshen ƙyalle, murfin a wanke da ruwan sabulu a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Sau ɗaya a wata uku ya isa, amma lokacin hunturu da fitilar kicin kowane wata.